Wurin Hedley a Tudun Lanvethen

Moonta, Ostareliya ta Kudu
Fabrairu, 1994

Gwaggo Loveday,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da gwiwar da kika yi ta ƙorafi a kanta a katin Kirsimeti. Ni ce Tamsin, 'yar Hedley Nankervis, ɗan kawunki. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma hotonki na kan kabad ɗinmu tun ina rarrafe, kina hararar mai ɗauka. Na so in buga miki waya, Baba ya ce kada in wahalar da kaina. Wai ko lokacin da kunnenki ke da rai ba kya jin kowa sai kanki, balle yanzu.

Mu dai lafiya lau. Zafi ne ya sa mu gaba, ciyawa duk ta ƙone. Yara suna makaranta. Baba ne babu lafiya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ƙurar da ya shaƙa a ramin kuza can wajenku, da wadda ya ƙara a ramukan nan, ita ce ta taso masa. Likita ya ce huhun ya gama aiki, da wuya ya ga ƙarshen shekara. A gabansa aka faɗa. Ya yi wa likitan godiya, ya juyo ya tambaye ni ko na kulle mota.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yana so in ya rasu a ƙone gawarsa, a kawo tokar gida, ƙasarku Kernow, a sa ta a maƙabartar Lanvethen ta kan tudu, gefen mahaifiyarsa. Kin san lokacin da Kaka Jenifer ta rasu bai samu zuwa ba, sai bayan an binne ta labari ya iso shi. Bai taɓa ɗaga maganar ba sai yanzu. Wuri kaɗan yake nema, kamar faɗin farantin shayi, da ɗan dutse mai sunansa. Na ce masa ai mutane kan je su watsa tokar a kan kabari shiru, babu wanda ya sani. Ya fusata har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai shiga garinsu ta katanga.

Gwaggo, ban san wa ake tambaya ba, ban san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Ke kaɗai muka sani a can. Abin da nake so shi ne ya ji an ce to tun yana da rai.

'Yarki,
Tamsin

*

Lanvethen, Kernow
Maris, 1994

Tamsin 'yata,

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna na sake karantawa. Ina amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta, ruwan sama kuma tun watan jiya bai ɗaga ba, ko kyanwa ta ƙi fita. Ki ce wa ubanki waƙar da yake ƙwala mana a coci yana yaro ce ta kashe min kunne, ba komai ba. Ki kuma ce masa na yi kuka, amma kada ya ɗauka don shi ne, albasa nake yankawa.

To, maƙabarta. Ba kamar yadda ya bar ta take ba. Teku ya ci gefen ƙasa, katangar ta zube a hunturun bara, wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Majalisar gunduma ce ke riƙe da ita yanzu, kuma a zaman watan gobe za su kafa doka a kan sauran wuraren. Ana raɗe-raɗin za su ce sai wanda mutuwa ta same shi yana zaune a cikin gunduma. Ki ji fa! Mutumin da ya sayi gidan Polglase shekaran jiya, wanda ko sunan rafinmu bai iya faɗa ba, shi yana da wuri, Hedley da aka haifa a ɗakin da nake hangowa ta tagar kicin, shi babu.

Amma tsaya ki ji abin da Allah ya jefo min. Duk ranar Talata ina zuwa ajin koyon harshenmu, wanda kakanninmu suka bari ya kwanta ake ta fama a tashe shi. Kada ubanki ya yi dariya, na san na tsufa, zaman gida ne ya ishe ni. Malaminmu Perran Hocking, wani siriri mai gemu kamar tsintsiyar da ta ƙare, a makon nan ya tsaya a kan kalmar da muke kiran gunduma da ita, wato pluw. Ni duk zatona ƙasa take nufi, daga rafi zuwa dutsen kan iyaka. Ashe ba haka ba. Ya ce asalinta ma ba tamu ba ce, aro ce daga bakin Rumawa, limaman coci na farko suka shigo da ita. Su plebs suke cewa, wato talakawa, taron mutanen da ba su da sarauta. Bakin kakanninmu ya tauna ta, ya tauna ta, har ta koma pluw. 'Yan uwanmu na Wales da na Brittany su ma suna da ita, kowa da yadda ya tauna tasa. Da fari mutanen da ke taruwa wuri ɗaya su yi sujada, su binne matattunsu, su ne pluw. Sai daga baya masu mulki suka zo da igiyar awo da duwatsu, suka cire sunan daga kan mutane suka ɗora wa ƙasa.

Tamsin, sai da na buga tebur. Na ce, "Perran, maimaita!" Ya maimaita. Na ce, "To ai shi ke nan!" Duk aji suka zuba min ido kamar na zare. Tun daga ranar nake ta maimaita maganar, a wurin wanke-wanke, a hanyar kanti. Zan tashi a gaban majalisar nan in karanta musu ita tun daga tushe, in ga wanda zai buɗe baki.

Don haka ki gaya wa tsohon banzan nan ya kwantar da hankalinsa. Wurinsa na nan. Shi ɗan pluw ne tun kafin a san da wata majalisa, magana ta ƙare. Ki matsa masa ya ci abinci.

Gwaggonki,
Loveday Jelbert

*

Moonta
Afrilu, 1994

Gwaggo Loveday,

Gaisuwa da godiya wadda ban san yadda zan rubuta ta ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwa lafiya. Mu duka lafiya, zafi ya fara sauka.

Da takardarki ta zo nan take na buɗe ta. Rubutunki kuwa, Gwaggo, ki yi haƙuri, sai ka ce kaza ta bi ta kan tawada. Na tsallake zuwa ƙarshe don in ga amsa, idona ya faɗa kan "wurinsa na nan, magana ta ƙare". Da gudu na shiga ɗakinsa. Na karanta masa, ya ce in sake. Sai ya juya fuska bango, ni kuma na fita na ba shi wuri.

Ba za ki gane shi ba yanzu. Mutumin da ko shayi sai da lallashi, ranar ya ce in gasa masa fasti, burodin nan naku da ake cusa wa nama a ciki, kuma ya kafa min ido kada in sa karas a ciki, nama da dankali da albasa kawai, yadda uwarsa ke yi. Ya ci rabi. Ya sa an fito da shi baranda, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce, "Zan koma gida." Tsoffin abokansa na ƙungiyar waƙa sun zo sun yi masa waƙoƙin can, shi yana bugun gwiwa da hannu tunda numfashi babu. Ya zaɓi abin da za a rubuta a dutsen: sunansa da shekaru, sai "ɗan Jenifer". Ya ce kada a ƙara komai, wuri kaɗan aka ba shi, ba zai takura wa maƙwabta ba.

Daga baya na karanta masa labarin Rumawa, iya abin da na iya tsinta. Ya yi dariya har sai da na kawo ruwa. Ya ce, "Loveday ke nan! An taɓa aiken ta sayen burodi ta dawo da labarin auren mai burodin, babu burodi." Amma kalmar ta shige shi. Jikansa ya tambaye shi mene ne pluw, ya nuna ƙirjinsa.

Na ga kin ambaci wani zama na majalisa, na ɗauka zaman sa hannu ne kawai. In akwai abin da ake so daga wajenmu ki faɗa min. Baba ya ce in tambaye ki ko Denzil Uren yana da rai. Wai tare suka fara shiga rami, kuma Denzil ya yi amai a takalminsa ranar farko. In yana nan ki gaishe shi.

'Yarki mai godiya,
Tamsin

*

Lanvethen
Ƙarshen Afrilu, 1994

Tamsin,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Lafiyata ƙalau, da ma ba ƙalau ba ce da na sami abin fakewa. Ki nemi wuri ki zauna, kuma kada ki karanta wannan a gabansa.

Ba a ba da wurin ba. Ba a taɓa bayarwa ba. Abin da na rubuta miki zafin bakina ne, ba amsar majalisa ba. An yi zaman ranar Laraba da yamma, takardarki ta farin ciki kuma ta iso min ranar Alhamis da safe. Da ta rigayi zaman da kwana ɗaya, ban sani ba, wataƙila da na yi hankali.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin wani. Denzil Uren da ubanki ke tambaya yana nan da ransa, shi ne ma shugaban majalisar. Al'adarmu tun zamanin ubansa, duk wanda ba kansila ba in zai yi magana, sai a kifa ɗan gilashin yashin nan na dafa ƙwai a kan tebur. Yashi ya ƙare, kai ma ka ƙare, ko kana tsakiyar kalma. An yi haka ne saboda irina, na sani.

Ban gaya wa kowa cewa Hedley ba shi da lafiya ba. Mu nan ba ma kai ciwon gida kasuwa, ba ma kuma roƙo a gaban jama'a, balle ɗakin rabinsa baƙi ne da suka sayi gidaje. Na ce a raina, bari in fara da hujja, in na ga sun karkata sai in kawo sunansa a ƙarshe, ya zama haƙƙi na zo karɓa, ba bara ba. Denzil ya kifa gilashin, na miƙe da sandata. Na fara da Rumawa. Na kawo limamai. Na bi ta Wales, na tsallaka Brittany. Tamsin, daɗin maganar ya ɗebe ni, ɗakin ya yi tsit, na ga wata baƙuwa tana gyaɗa kai. Ina cikin igiyar awo da duwatsu sai na ji Denzil ya ce, "Mun gode, Loveday." Na duba, yashi ya sauka duka. Ko sunan ubanki ban kira ba.

Sai Jory Tregenza, manomin nan mai bakin tsiya, ya ce, "In haka ne, Loveday, ai rabin Ostareliya da rabin Amurka 'yan pluw ne. In kowa ya aiko da kakansa a gwangwani, mu a ina za a sa mu, a kan rufin coci?" Aka yi dariya. Na buɗe baki, Denzil ya nuna min gilashin. Aka ɗaga hannu, ɓangare biyu suka yi kunnen doki, ya rage ga shugaba. Ya sosa kai, ya bi masu cewa sai mazauna.

A bakin ƙofa yana sa hula ya ce min, "Wai ke me ya kawo Rumawa cikin maganar kabari?"

Na ce, "Hedley ne. Yana mutuwa, yana so ya kwanta gefen uwarsa."

Ya cire hular da ya sa. Ya ce, "Hedley Nankervis? Haba Loveday! Haba! Me ya hana ki faɗa? Kalma ɗaya fa!"

Na ce, "To ai ga shi na faɗa. Koma ka tara su."

Ya ce ba shi da iko. Abin da majalisa ta yanke ba a sake taɓa shi sai bayan wata shida, dokar zama ce, ko shi bai isa ya tsallake ta ba. Muka tsaya a ruwan sama, tsofaffi biyu, kowa yana kallon takalminsa.

Wata shida, Tamsin. Ke kika ji abin da likita ya ce. Ban san me zan ce ki yi ba. In kin gaya masa, na ƙwace masa abin da ya sa shi cin abinci. In kin ɓoye, na sa ki yi wa ubanki ƙarya a gadon mutuwa. Duka biyun ni na jawo miki. Zuciyata ta ƙone, ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Loveday

*

Lanvethen
Yuni, 1994

Tamsin 'yata,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya, shi ma jikin da sauƙi. Kullum ina tsaye a taga lokacin mai kawo wasiƙu, har ya fara ɗaga min hannu wofi tun daga nesa don kada in fito.

Ban zauna ba. Na je wurin magatakardar majalisa, ta ba ni shayi da haƙuri. Na je wurin fasto, ya ce maƙabartar ba a hannun coci take ba tun tuni, ya yi min addu'a. Na je wurin baƙuwar nan da ta gyaɗa kai, ashe mutuniyar kirki ce, ta riƙe hannuna ta ce labarin kalmar ya burge ta, amma ita ma da mazauna ta ɗaga hannu. Perran ya zo har gida da wani littafi, wai ya samo ƙarin bayani a kan pluw, na ce ya fita min da shi. Na daina zuwa ajin.

Denzil ya ce in lokacin ya cika zai sa maganar a gaba, amma bai yi alkawarin hannun kowa ba, kuma yanzu in ya hango ni sai ya sauya hanya. An binne mutum biyu tun bayan zaman. Ɗaya daga cikinsu dab da Jenifer, ta hannun hagu. Saura gefen dama.

Kin gaya masa? Ko zagi ne ki aiko min, zan karɓa. Shirun nan ne ba na iyawa.

Gwaggonki,
Loveday

*

Moonta
Yuli, 1994

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Takardunki biyu sun same ni. Ni da yara lafiya. Baba ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, da rana tsaka, a baranda, ina gefensa.

Ban amsa miki ba saboda da na ɗauki biro a lokacin, da na rubuta abin da ba a faɗa wa babba. Na ji haushinki sosai, ba zan ɓoye ba. Daga baya na tuna ni ce na tsallake tsakiyar takarda na ruga da ƙarshenta. Sai haushin ya rasa inda zai sauka.

Ban gaya masa ba. Na sha shiga ɗakin da niyyar faɗa. Sai in tarar yana koya wa yara hanyar da ake bi daga tasha zuwa tudu, inda ake juyawa, inda ƙofar ƙarfe ke ƙara in an tura ta. Ko ya ce in auna masa faɗin farantin da hannu, ya ce, "Ya isa, ai ban da ƙiba." Sai in gyara masa matashi in fito. Ya ga ambulan ɗinki, ya tambaya me kika ce. Na ce kina gaishe shi, kuma Denzil yana nan da rai, shi ne ma shugaban majalisa. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce, "Denzil ne shugaba? To shi ya sa abin ya zo da sauƙi."

Ya bar miki saƙo, ya sa na maimaita don kada in rage komai. Ya ce, "Ki ce wa Loveday duk surutun da ta cika mana kunne da shi tun muna yara, na yafe mata. Wannan karon bakinta ya yi rana." Na ce to, Baba.

Ya kuma sa na yi masa alkawari ni da kaina zan kawo shi, ba a jirgin kaya ba, kuma ba zan bari wata ya ƙare ba. Na riƙe hannunsa na yi alkawarin. Na san babu wuri, na san lokacin majalisarku bai yi ba, amma wannan kaɗai ya rage a cikin abin da na faɗa masa wanda zan iya cikawa. Dutsen ma an gama sassaƙa shi, yana cikin akwatina, na naɗe shi da rigar sanyinsa. Zan sauka a tashar Penzance ranar Juma'a ta ƙarshen wata, a jirgin ƙasan rana. Ki zo ki tarye mu in gwiwa ta bari, za ki gane ni, kamarsa nake.

Abu na ƙarshe da ya roƙa shi ne kada in tsaya da shi ko'ina, ko shan shayi, wai ya sa uwarsa jira ya isa haka. Ya ce daga tasha sai tudu.

Gwaggo, in mun sauka, ina za mu nufa da shi?

'Yarki,
Tamsin